Goggo Tafireta, Wadda Ta Iya Jira

Kafin mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka da ita ya buɗe shagonsa, Goggo Tafireta ta riga ta share nata, ta yaye ƙyallen da take lulluɓe na'urarta da shi, ta tsoma yatsunta a kofin ruwan ɗumi. Ciwon gaɓoɓi ne ya koya mata wannan dabara, don in ba ta gasa su ba sai yatsun su yi mata gardama. Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wata maɗaba'a, kujera biyu kawai yake ɗauka, tata da ta mai rubutu. Keken rubutun da ya jawo mata sunan ya daɗe da komawa saman kabad, kwamfuta ta gaje shi, amma sunan ya ƙi tashi.

Kusan duk marubucin da na sani ya taɓa zama a kujerar nan ta biyu yana zufa. Ƙa'idarta ɗaya ce: in ta gama buga shafi, sai ta karanta maka shi da murya, a hankali, ba ta tsallake ko wasali. Ba ta gyara maka, ba ta kuma yabonka. Kai da kunnenka za ka ji inda jimlarka ta yi tuntuɓe. Ni kam na sha shiga da labarin da nake jin babu kamarsa, in fito ina sosa ƙeya. In ka nemi ra'ayinta sai ta ce ita bugu aka kawo mata, ba alƙalanci ba.

Wanda ya fi kowa daɗewa a kujerar shi ne Malam, dattijon marubucin da ya koya wa yawancinmu riƙe alƙalami. Duk littattafansa ta hannunta suka bi. Bara, yana tsakiyar rubuta wanda ya ce shi ne na ƙarshe, inda zai faɗi yadda ya fara rubutu da abin da rubutun ya koya masa, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Hankalinsa garau yake, amma sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya kafin ta fito.

Ɗalibansa biyu suka ɗauki nauyin ƙarasa aikin, da zuciya ɗaya kuwa. Shi zai faɗa, su rubuta. Sai dai marubuci bai iya ganin jimla ta tsaya a rabi ya ƙyale ta ba, kamar tela ne ya ga zare yana lilo a rigar wani. Malam zai fara, ya tsaya yana laluben kalma, su kuma don tausayi su miƙo masa tasu. Shi ko don gajiya sai ya gyaɗa kai. A haka aka haɗa babi biyu sumul, aka kai wa Goggo.

Ta buga, kuma da yake ƙa'ida ƙa'ida ce, ta ɗauki shafukan ta je har gida ta karanta wa mai su. Autar Malam ce ta ba ni labarin. Ta ce ba a yi nisa ba mahaifinta ya fara dukan hannun kujera da hannunsa na hagu, daga bisani ya juya fuskarsa ga bango. Rubutu ne mai kyau, amma ba nasa ba ne, kuma sai da ya ji shi da kunne ya gane. Da ƙyar ya iya gaya wa autar cewa a tattara takardun a ajiye, ya haƙura da littafin.

Goggo ta gyara zaman tabarau ta ce, "Malam, ni ban iya rubutu ba, amma na iya zama. Gobe zan zo da na'urata."

Tun daga ranar shagonta ya daina buɗewa da safe. Mai agogo ya zama sakatarenta na dole, duk wanda ya zo sai ya ce masa ya dawo da rana. Ita kuwa tana can ɗakin Malam, ta ɗora na'ura a kan ɗan tebur kusa da taga, ta ɗaga yatsunta sama da maɓallan, tana jira. Auta ta ce wani lokaci shayi kan huce tsakanin farkon jimla da ƙarshenta. Sau da yawa Goggo ta san kalmar da yake nema, wadda ta shafe rabin rayuwarta tana buga maganarsa ai dole ta sani. Sai dai ka ga ta datse leɓe. Ran nan auta ta kasa daurewa, ta same ta a bakin ƙofa ta tambaye ta me zai hana ta ɗan taimaka masa.

"'Yar nan, in na ba shi tawa, ya samu kalma ya rasa littafi."

Gaskiya mun yi fargaba. Likita ya riga ya ce mata ta huta da bugu, dama a shekarar ta yi niyyar rufe shago. Kullum muna zullumin wanda zai riga sarewa, harshensa ko yatsunta. Har ta kai auta kan dafa ruwa kofi biyu, ɗaya na shayin uba, ɗaya na yatsun Goggo.

Goggo, ke ce kika ga dattijo ya juya wa aikin ransa baya kika ƙi yarda. Ke ce mai kunnen da ba ya gaggawa. Mu da muke tinƙaho da kalmomi mun cika ɗakin da su, ke kika kawo shiru, kuma shirun ne Malam yake buƙata.

Watan jiya littafin ya sauko daga maɗaba'ar da ke saman shagonta. Muka taru mu kaɗan a falon Malam, aka miƙa mata ta karanta shafin ƙarshe. Ban ji rabin abin da ta karanta ba, don idona na kan hannun hagun Malam, na kuma lura kowa can yake kallo. Har ta kai aya hannun bai motsa ba. Sai ya buɗe baki zai yi magana, kalmar ta maƙale. Ɗaya daga cikin ɗaliban nan biyu ya ɗan sunkuyo, ɗan'uwansa ya ja masa hannun riga, ya koma ya zauna. Muka jira, dukanmu, har kalmar ta fito.

"Maganata ce."

Ban taɓa jin ɗaki guda ya yi ajiyar zuciya tare irin ta ranar ba. Auta ta fita tana share ido, Goggo kuma ta rufe littafin ta ce shayinta ya huce.

Yanzu ta rufe shago, mai agogo ya sauka daga muƙaminsa. Goggo, mun gode. Allah Ya huta da yatsun nan, Ya saka miki da alheri kan kowane shafi da kika karanta mana muka ji kunya muka gyara. Ku kuma masu karatu, a gidajenku ba a rasa wani tsoho, ko mara lafiya, ko mai in'ina, da yake fara magana a ƙarasa masa. In ya tsaya yana neman kalmarsa, ku yi irin na Goggo, ku riƙe taku har tasa ta iso.