Malamar da Ta Koyar da Turanci da Igiya, Bokiti da Ƙuguna

Ni na fara ganin abin da ke cikin matar nan. Yanzu da za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, kowa ya miƙe yana cewa shi dama ya sani. Ba su sani ba. Ni ne maigadin makarantar, daga bakin ƙofa na gano ta tun ranar farko, lokacin shugaban makaranta ko sunanta bai riƙe ba. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma ido ina da shi. Ni ne na faɗo daga hawa na uku ina aikin gini, ƙuguna ya tsage, likitoci biyu suka ce na gama takawa. Ga ni ina takawa, ɗayansu ma da ƙafata na raka shi makwancinsa. Saboda haka in na ce na ga abu, a saurara, balle wannan da aikin 'yata ya rataya a kansa.

Ƙarfe bakwai saura kwata Malama take isowa, ko ana ruwa ko ana rana, jaka a kafaɗa, kwando a hannu. Makarantarmu ta manya ce. Ajinta kuma na waɗanda suka riga suka iya Turanci ne suke neman ƙari: ma'aikatan asibiti, injiniyoyi, masu gyaran wuta, mutanen ofis. Takan gaishe ni, ta tambayi ƙugu, ta wuce ta cika bokiti a famfo, ta jera kayanta a kan tebur kafin kowa ya zo.

Ranar farko na tare ta na leƙa kwandon, domin aikina ne. Igiya na gani, da tsumma, da soso, da kwalba mai murfi, da robar tayar keke, da almakashi, da kwaɗo marar makulli.

Na ce, "Malama, a nan fitar da shara ake yi, ba a shigo da ita."

Ta ce, "Littattafaina ne, Baba."

Maganar ta hana ni zama. Wane irin karatu ne a cikin soso? Na rufe ƙofa na zagaya ta taga. Sai na ga ta tsoma tsumma a bokiti, ta murɗe shi ruwa na zuba, ta dubi wani babban mutum mai ɗaurin wuya ta tambaye shi me ta yi. Ya tashi ya zuba Turanci kamar mai karanta labarai, ya yi tsawo, ya yi faɗi. Ta girgiza kai. Kalma ɗaya tak take nema, kuma duk ajin babu mai ita.

Da aka tashi na tambaye ta, don ni ba na barin tambaya ta kwana a cikina. Ta ce mutanen nan sun san Turancin taro da na takarda, za su yi maka awa guda a kan tattalin arziki, amma abin da hannu ke yi kalma uku kawai suke juyawa: yi, sa, ɗauka. Su masana suna kiran irin waɗannan kalmomi aikatau. Ni kalmomin aiki nake ce musu.

Sai ta juyo da tambayar kaina. "Baba, kai da ka yi gini, ja iri nawa ne?"

Na gyara tsayuwa. Na ce akwai ja, akwai janyowa, akwai fizga, akwai fincika, akwai zarewa kamar zare daga allura, akwai tumɓukewa har da saiwa, akwai saɓulewa kamar zobe daga yatsa. Wallahi ta ciro biro ta rubuta, ni da ban san baƙi ba ana rubuta maganata.

Na ce, "To su Turawa suna da wannan duka, ko mu kaɗai Allah ya ba?"

Ta yi dariya. "Suna da shi, Baba. Ɗalibai ne ba a taɓa damƙa musu a hannu ba."

Dokarta ke nan, ba ta sauya ba har yau: ba ka faɗin kalma sai hannunka ya aikata ta. Ka matse soso, sannan ka faɗa. Ka murɗa murfin kwalba, ka sassauta shi, ka ƙara ɗaure shi, kowanne da sunansa. Ka karkata bokiti, ka tsiyaye, ka kwarara, ka yayyafa. Na sha ganin masu digiri sun fito ajinta hannun riga a jiƙe suna musu a kan bambancin turawa da bangajewa. Wani shugaba da aka taɓa kawo mana ya ce ta mayar da aji juji. Ta gayyace shi ya zauna rana ɗaya. Ya fito yana murza yatsu yana maimaita wata kalma shi kaɗai, bai ƙara tada zancen ba. Wani mai gyaran injin niƙa ya gaya mini da bakinsa cewa shekara bakwai yana ajiye takardar injinsa a aljihun tebur don ba ya gane ta, bayan wata uku a wurin Malama ya kwance injin ya mayar yana karantawa.

Ni ma ta sa ni a aiki. Duk zangon karatu takan kira ni in ratsa aji sau biyar: in yi ɗingishi, in ja ƙafa, in yi tangaɗi, in yi sanɗa, in yi taƙama. Taƙamar ta fi yi mini sauƙi. Saboda haka in aka zo lissafin waɗanda suka koyar da Turanci a makarantar nan, kada a tsallake ni.

To, ga zancen 'yata. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Asibitin da take aiki ya ce duk mai son ci gaba da zama a sashen masu karaya sai ya ci wata jarrabawar Turanci ta baki, kuma sau uku kawai ake shiga. Ta shiga sau biyu ta faɗi. In ta faɗi na uku za a sallame ta daga sashen da ta yi shekara tara a ciki. Abin mamaki, ta takarda tana cinyewa tas. Amma da an tsayar da ita an ce ta bayyana wa sabon ma'aikaci yadda ake tayar da marar lafiya daga gado zuwa kujera, sai bakinta ya ɗaure, ta koma nuni da hannu tana cewa "kaza, kaza". Aikin da take yi kullum ido rufe!

Saura mako shida na kai ta wurin Malama. Ban taɓa roƙon kowa komai a makarantar nan ba sai ranar.

Malama ta saurare ta na ɗan lokaci, ta ce, "Ke ba kwando kike buƙata ba. Hannunki ya riga ya sani, shi ne ma yake cinye miki magana." Sai ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da mahauci ke yi wa sa. "Baba, za ka ara mana ƙugunka?"

Na ce, "Ƙugun da bene bai gama da shi ba? Ɗauka."

Ga yadda ta tsara abin. Bayan an tashi aji da azahar, sai a haɗa benci biyu in kwanta. Uwata ta tsaya gefe, hannuwanta a baya, Malama ta ɗaure su da igiyar kwando, sako-sako dai. Malama kuma ta zama sabuwar ma'aikaciya wadda ba ta san komai ba, ba ta jin wani harshe sai Turanci, kuma abin da aka faɗa mata shi kaɗai za ta yi, ba ragi ba ƙari.

Makonnin farko na ga abin kallo. Uwata ta faɗi wata kalma, sai Malama ta kama ƙafata ta ja ta a kan benci.

Na ce, "Uwata, me kika gaya mata? Buhun siminti ne ni?"

"Baba, cewa na yi ta matsar da ƙafar."

"To matsarwa iri nawa ce? Ko ni na san ta fi biyar."

Malama ba ta ko murmusa ba. Ta tsaya tana jira kamar gunki. Sai an gama ta kwance igiyar, ta ba Uwata kalmomin ɗaya bayan ɗaya tana sa ta aikata su a jikina: tallafa, lanƙwasa, miƙar, mirgina, jingina, sauke a hankali. Ni ina kwance ina ta tunani, yaya aka yi mutanen da ba su taɓa ganinmu ba suka lura da bambancin riƙewa da damƙa kamar yadda muka lura? Na tambayi Malama. Ta ce ita ma abin yana ba ta mamaki, shi ya sa ba ta gaji da aikin ba.

Amma har mako na biyar Uwata tana sarƙewa. Ta san kalmomin, in an tambaye ta a zaune tana jero su. Da an ɗaure hannun sai su gudu. Rannan ta fashe da kuka ta ce a bar shi, za ta nemi wani aiki.

Malama ta ba ta ruwa ta sha, sannan ta ce, "Sau ɗaya ya rage. Baba, yau ta ɓangaren hagu za mu tashe ka."

Hagu nan ne inda ƙarfe yake a ƙuguna. Duk makonnin nan ta dama ake juya ni. Uwata ta zaro ido. "Malama, ban da hagu. In aka mirgina shi ba a tallafi gwiwar ba, kwana uku ba zai taka ba."

"To ki gaya mini yadda zan yi. Ni sabuwa ce, ban sani ba." Ta sa hannu a kafaɗata ta fara turawa.

Zan faɗi gaskiya tunda rubutu ne: na ji tsoro. Ni da na ga ƙasa tana tasowa ta tarye ni daga hawa na uku, ranar nan gumi ya keto mini a kan benci.

Sai na ji wata murya da ban san Uwata da ita ba. Tsawa ɗaya ta yi da Turanci, hannun Malama ya tsaya cak. Daga nan magana ta ɓalle. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma jikina ya ji duka. Hannu ya zura ƙarƙashin gwiwata ya tallafe. Aka lanƙwasa ƙafar dama. Aka mirgina ni kamar ana juya ƙwai. Aka sauko da ƙafafuna tare, aka jingina ni da kafaɗa, aka ɗaga, aka juya, aka sauke. Sai ga ni zaune a kujera, ƙugu bai ce uffan ba, Uwata tana haki, hannuwanta har lokacin a ɗaure.

Daga baya na lura tun farko Malama ta tokare gwiwata da cinyarta, ko Uwata ta yi shiru ba abin da zai same ni. Na ce mata, "Ashe wayo kika yi mana." Ta ce, "Kai dai ka yi gumi mai kyau, Baba, ya taimaka."

Ranar da sakamako ya fito Uwata ta zo makaranta da kayan aikinta a jiki, tun daga nesa take ɗaga takarda. Ta ci. Ni na yi ta buga ƙofar ƙarfe da sandata har masu shago suka leƙo. Malama ta rungume ta, amma ko minti ɗaya ba a yi ba ta ciro biro. "Akwai kalmar da suka faɗa wadda ban ba ki ba?" Uwata ta ce akwai ɗaya, kalmar ɗan ɗaga dunduniyar marar lafiya da matashin kai. Malama ta rubuta. Washegari sai ga matashi a cikin kwando.

Malama, ke ce kika ɗauki abin da hannun lebura ya sani kika ba shi daraja a gaban masu digiri. Ke ce ba ki taɓa jin kunyar tambayar maigadi ba. Yara biyu suna cin abinci suna zuwa makaranta yau saboda wata azahar da kika ƙi barin uwarsu ta karaya. Mai kwando, na gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki gwiwoyinki lafiya, don ni na san darajarsu.

Ku kuma malaman da kuka rage, ƙarshen watan nan za ta ajiye kwandon a ofis. Kada ku bari a zubar. Wani ya ɗauka. Ku sauko daga jikin allo ku jiƙa hannun rigarku, ku tambayi birkila da mai wanki da makaniki yadda suke kiran abin da suke yi. Ƙuguna kuma yana nan, ban janye shi ba.

Wanda yake ganin tsoho ne kawai yake cika baki, ya zo. Ina bakin ƙofa daga safe har la'asar. Zan haɗa benci in kwanta, in ɗaure masa hannu da kaina, ya nemo wanda ya ga dama ya tashe ni ta hagu da baki kawai. Na ma yafe masa Turancin, ya yi da harshen da ya sha a nono. In na zauna a kujera ban yi ƙara ba, zan cire hulata in ba shi a gaban kowa.