Shirun da Nura Ya Yanke

Abin nan ya ba ni wahala, kuma har yau bai gama ba ni ba. Ni mai faci ne a bakin tasha a Dutsin-Ma. Firamare ma ban ƙarasa ba, rubutun boko da ƙyar nake jan shi. Amma na zauna ina danna waya da yatsun da taya ta cinye, duk don neman layi ɗaya na waƙa da ya ɓace mani.

A ƙauyenmu na wajen Rawayau, in sanyi ya shigo, ba a barin wutar tuwon dare ta mutu. Da an yi isha'i kakarmu Iya Abu, wadda ta haifi babanmu, za ta jawo tabarma bakin murhu ta tura kara a wuta. Mu kuma mu binne gyaɗa a toka, mu zagaye ta, gaba zafi baya sanyi. Haƙoranta na gaba sun zube, maganarta tana fita da ɗan fito. Da ta gan ni sai ta ce, "Iro, mijin banza, ko gishiri ba ka saya mani ba, ka zo ka tare mani wuta." Sannan ta gyara murya: "Ga wata nan tafe, wa ke da kunne?" Mu ce, "Mu ne, ta iso."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta Dela. Yarinya ce ta je itace, ruwa ya taso, ta fake a kogon kuka, kuka ta rufe da ita. Tana ciki tana waƙa: "Kuka, kuka, buɗe mani, tuwon inna na hucewa." Kukar kuwa ba ta buɗewa sai wani a waje ya amsa waƙar. Uban Dela ya tara gari. Aka kawo mai ganga ya buga, aka kawo mai kalangu, aka kawo mai algaita ya busa har kumatu suka yi ciwo. Duk suna kiran Dela, ba wanda ya tsaya ya ji me take cewa. Da suka gaji suka watse, sai wata tsohuwa mai tsintar kara ta zauna hutawa a gindin kukar, ta ji waƙar, ta amsa.

Iya ba da baki kaɗai take ba da labari ba. Ganga, ta kifa ƙwarya ta buga. Algaita, ta toshe hanci. Kukar ma zana mana ita take yi da tsinke a cikin toka. Amma in ta rera waƙar Dela, sai ta ɗinke baki ta zuba wa wuta ido. Mu ne tsohuwar. Sai mun amsa za ta ci gaba. Wata rana gyaɗa ta ɗauke mana hankali, ba wanda ya amsa. Ta naɗe tabarmarta ta ce, "Ni na yi nawa. Dela na ciki, ku kuka sani." Yayata Hajara ta yi ta kuka, wai yarinya za ta kwana a kogo da yunwa.

Abin haushin ke nan. Waƙar Dela, wadda Iya ke yi, tana nan a kaina daram. Amshin da na yi ta rerawa da bakina, shi ne ya gudu. Iya ta daɗe da rasuwa. Yaya Hajara ta bi ta a daminar bara. Na tambayi sauran dangi, kowa ya ce, "Iro, kai ma da neman aiki kake."

Nura mai gyaran waya, wanda shagonsa ke jikin rumfata, shi ya buɗe mani shafi a intanet, wai bulog. Ya ce in zuba tatsuniyar, cikin mutanen duniya ba za a rasa wanda ya san amshin ba. Na rubuta ta da gumi. Shiru.

"Kawu, mutanen yanzu ba su karanta dogon abu," in ji Nura. "Sa hoto."

Na hau mashin har hanyar Kurfi na ɗauko hoton wata ƙatuwar kuka. Mutum ɗaya ya yi magana. Tambaya yake ko ina sayar da garin kuka a mudu.

"Bidiyo, Kawu. Fuska suke so."

Na sa hular Juma'a na zauna gaban rumfa. Ina tsakiyar labari wani ɗan acaɓa ya faka a kaina yana ihu, "Iro, iska! Ta baya!" Wannan bidiyon ya yi yawo, ba ƙarya. An yi dariya, an yabi hula, wani ya ce in riƙa yin barkwanci kullum. Dela ko wanda ya ambace ta babu.

Daga nan sai murya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki muryata ina ba da labarin, na kai wa Nura ya gyara. Ya sa wani ɗan kiɗa a ƙasa, abin ya fito tsaf kamar na gidan rediyo. Mutane suka ji, suka yi ta turo babban yatsa. Wani ya ce Allah ya ƙara basira. Ni ba basira na fito nema ba.

Rannan bayan magariba na kunna wa matata Hinde tana tankaɗe. Ta saurara, ta ɗago kai.

"Malam, wannan Delar taka kora aka yi mata? Ina za a amsa mata?"

Na sake kunnawa. Gaskiyarta. Ana gama "tuwon inna na hucewa" sai murya ta faɗa kan "sai kuka ta buɗe", ko numfashi babu a tsakani. Na san na tsaya a wurin, na tsaya sosai ma. Na kira Nura.

"Kai, ina shirun da na yi bayan waƙa?"

"Na yanke shi, Kawu. Na ɗauka mantuwa ka yi. Shiru data kawai yake ci."

"Mantuwar ce! Ai ita na fito nema, ɗan nema!"

Ya yi ta ba ni haƙuri. Ban ma ga laifinsa sosai ba, shi aikinsa ya yi. Bai taɓa zama gaban Iya ba.

Na daɗe zaune a tsakar gida ina jin haushin kaina. Ina yaro na ɗauka labarin Dela gargaɗi ne kada a fake a kogon itace. Sai ga ni da furfura na zama mai ganga, na zama mai kalangu, na zama mai algaita, ni kaɗai. Hoto ya kira mutane, bidiyo ya kira, murya ta kira, kuma sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Iya ma da ƙwarya da toka take tara mu. Amma ita in ta tara mu, sai ta matsa ta ba mu wuri. Ni na tara jama'a na cika masu kunne na sallame su.

Da safe, kafin in fita rumfa, na zauna kan turmi na kunna waya da kaina. Na ba da labarin har wurin waƙa, na rera, na ja bakina na yi shiru. Kaji na ta kuka, wayar na ta ɗauka.

Sai Hinde daga bakin murhu, tana dama koko, ko waiwayowa ba ta yi ba: "Ga mu nan, Dela, ga mu nan, miya tana kan wuta."

"Ba haka muke cewa ba," na ce.

"Na sani, yanzu na haɗa shi. Yarinya na cikin kuka, sai in tsaya jiran na Rawayau? In kana da naka, kawo."

Ba ni da shi. Na sake rera waƙar, na sake barin wani shirun, wanda ya fi na farko tsawo. Na kai wa Nura na ce ya ɗora haka nan, da kajin, da gardamar, kada ya taɓa ko numfashi. A ƙasa na rubuta da hannuna: Dela na ciki, wanda ya san amshi ya aiko da murya. Sannan na ja igiyar injin iska, don akwai taya tana jirana.