Ƙafar da Talatu Ta Zaɓa

In ka shigo Kurudu ta wajen Karu, akwai wata bishiyar mangwaro a bakin titi da ta daina 'ya'ya saboda baƙin man da ta sha. A ƙarƙashinta Talatu take aiki. Birkin baya kawai take gyarawa. Ka kawo mata matsalar inji, sai ta nuna maka hanyar Mararaba da sifana.

'Yar Gbagyi ce, a nan aka haife ta. Babanta doya yake nomawa har ranar da aka zo aka auna gonar, yanzu gidaje ne masu jan rufi a wurin. Ta bar sakandare shekara guda bayan na bari, don haka ta fi ni ilimi, kuma ba ta bari in manta. Daga nan ta koma gasa masara kusa da garejin wani Bayarabe. Wata rana ogan ya ce ta riƙe masa sifana. Har yau ba ta ajiye ba.

Ka ga Talatu a bakin aiki. Ta ɗaga mota da jak, ta cire taya, ta bubbuga durom, wato murfin birkin, da guduma har ya fito. Sai ta sa farce ta ɗaga robar silinda, wannan ɗan ƙarfen da yake tura lainin birki ya kama taya. In ta ga danshin man birki, sai ta kalli mai motar ta ce, "Oga, yaronka ya yi fitsarin kwance." In cikin silindar ya yi tsatsa, ba ta yarda a canza roba kawai. Ba ta kuma canza gefe ɗaya ta bar ɗaya, ko za ka yi kuka.

Amma aikin ba ya ƙarewa sai an fitar da iska, kuma wannan sai mutum biyu: ita a ƙasa wajen ɗan notin bayan silinda, wani a kujerar direba. Ta ce, "Taka! Taka! Riƙe!" Ta kwance notin, mai da kumfa su feso cikin kwalba, ta ɗaure, sannan ta ce, "Saki!" Masu mota ba su da haƙuri, sukan ɗaga ƙafa kafin ta ɗaure, iska ta koma ciki. Shi ya sa ta zaɓi ƙafa ɗaya da ta yarda da ita. Tawa ce. Ni Ɗanladi, tasi nake ja daga Nyanya zuwa Kurudu, amma in Talatu ta kira, ko fasinja na ciki sai ya jira. Duk unguwa sun san ba don son birki nake zuwa ba.

Sai ga Nathan. Daga Kuje ya zo da wata tsohuwar a-kori-kura mai ɗaukar doya. Mutum ne mai furfura a gemu, mai cusa riga cikin wando ko a ranar kasuwa. Ta sa masa sababbin silinda biyu. Mako na zagayowa ya dawo, wai birki yana kuka. Sabon birki! Daga Kuje! Duk makanikan da ke tsakani sun mutu ke nan?

Wata rana na iso na tarar da shi a kujerar motar wani, ƙafarsa kan feda. Ta ce riƙe, ya amsa, "Na riƙe, Talatu," da wata murya kamar mai jan waƙa a coci. Ni da nake amsawa da "an gama, ranki ya daɗe" ban taɓa samun murmushin da ya samu ba.

Bayan nan na ji tana faɗa wa Felicity, mai sayar da abinci a gefenta: "Shi tsoho ne, amma ina son shi. Ba ya ba ni wahala." Na kwantar da hankalina. Hausar Talatu ai Hausar Abuja ce, mota shi, mace shi, har uwarta shi. A-kori-kurar take nufi. Na faɗa wa Felicity haka, ta yi dariya har miya ta zube mata a zane.

Washegari na same ta a ƙarƙashin wata Golf, Nathan yana ciki. Na durƙusa kusa da tayar.

"Talatu, shi ɗin nan da kike so, mota ko mutum?"

"Mota na kawo wa babana doya?"

"To ni fa?"

"Kai me?"

"Ban ce zan aure ki ba?"

"Ka faɗa mini, ka faɗa wa Felicity, ka faɗa wa mai lemo. Har 'yar sanda a Nyanya ka faɗa wa."

"Waccan don ta sakar mini mota ne!"

Ta yi dariya. Sai ta daina, ta goge hannu da tsumma tana kallona. "Ɗanladi, da sau ɗaya ka faɗa ba ka yi dariya ba..."

Ba ta ƙarasa ba, don daga sama muryar cocin ta ce, "Talatu, ƙafata ta fara rawa, in saki?" Ashe tun da na durƙusa yake danne da feda, bai motsa ba. Raina ya ɓaci, amma ko ni ban taɓa riƙewa haka ba.

An sa bikinta da Nathan bayan girbin doya, a Kuje. Ta ce ni zan ɗauki gwaggwanninta. Na ce motata ta lalace. Ta ce in kawo ta duba.