Jitar Kawu Isufu Mai Ƙafa Huɗu

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Isufu a Deira ya san ƙafafunsa ba sa hutawa. Bakinsa na zancen kwantena, ƙarƙashin tebur kuwa ƙafa na ta danne-danne, gwiwa na kaɗawa dama da hagu. Baƙi daga Kano kan matso su raɗa min ko fitsari ne ya matsi kawuna. Sai in ce sanyin ƙashi ne. Ƙarya nake shararawa, ku ma kun sani. Bitar kiɗa yake yi.

Ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Damagaram. Shi ya kawo ni Dubai, ya sa ni harkar kago, wato jigilar kaya, ya ba ni katifa a falat ɗinmu na unguwar Muraqqabat, mu shida a ɗaki biyu.

Rigimar ta samo asali ne ranar da wata hajiya ta yi masa saƙon keken ɗinki. Ya shiga kasuwar Sabkha, ya hango wani abu a shagon gwanjo, kamar ƙaramin tebur mai ƙafa huɗu, da fedoji a ƙasa. Ya ɗauka keken ne. Da ya matsa sai ya ga wayoyi goma a shimfiɗe. Mai shago ya ce jita ce ta zaune, makaɗan wani otal suka bari. Kawu ya ja waya ɗaya, ta yi wani kuka mai tsawo, shi ke nan. Hajiya ba ta ga kekenta ba sai bayan wata biyu.

Ashe akwai wani kaset da yake yawo da shi tun yana ɗalibi a Yamai, na wasu Turawa masu gashi har kafaɗa, kuma a cikinsa akwai waƙa ɗaya da jita ke irin wannan kukan. Ita kaɗai yake son koya. Faransanci ya karanta, waƙar kuwa da Ingilishi take, ko kalma ɗaya bai ji a cikinta. Na taɓa tsokanarsa cewa wataƙila iyayenmu ake zagi a ciki.

Ya ce, "Shi ya sa ba na rera ta, Sabitu. Kaɗawa nake."

Kaɗa abin nan fa azaba ce. Hannun hagu na murza wani ɗan guntun ƙarfe mai santsi da nauyi a kan wayoyin, hannun dama na tsinkar su da faratan ƙarfe, ƙafa na taka feda, gwiwa na tura wasu ƙarafan. Duk a lokaci guda, ga mutumin da ko keke bai iya ba! Watan farko maƙwabtanmu Indiyawa suka kira mai gadi, wai kyanwa ta maƙale a cikin na'urar sanyi. Kawu ya buɗe ƙofa, ya ce musu "dusman, dusman", wato a hankali, kalmarsa ke nan ko gobara ake yi. Sannan ya ƙara sauti don su tabbatar ba kyanwa ba ce.

Malami kuwa, wani ɗan Filifin ya samo, suka shirya zai riƙa ba shi kilishin Damagaram. Bawan Allah ya zo Juma'a uku, yaji ya ɓata masa ciki, ya ɓace. Kawu ya ce ai karatun ne ya ƙare. Da waya ɗaya ta tsinke muka ce ya sayi sabuwa, ya ƙi ƙememe. Wai garaya waya biyu gare ta, kuma ana taka rawa, shi da yake da tara me zai nema?

Shekara uku yana abu ɗaya, lokacin da ake ta tone titunan Deira don jirgin ƙasa. Kuma bari in faɗi gaskiya, ya iya. Akwai Juma'ar da na dawo bayan la'asar, na ji ta daga matakala, na tsaya cak har ya gama, tsigar jikina na tashi. Na shiga na ce masa ya rage ƙara, mutane na hutawa.

To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kun tuna Babbar Sallar da muka je garin Hatta da mota uku. Lokacin rashin lafiya ta riga ta kama Kawu, ya ce gida zai koma, amma sai ya kaɗa waƙar nan sau ɗaya a gaban jama'a. Cikin tafiyar akwai Alhaji Garba mai atamfofi, wanda na yi wata shida ina lallaɓa ya ba ni jigilar kayansa. Na gaya masa kawuna babban ɗan boko ne, gidanmu gidan mutunci. Sai tsoro ya kama ni kar a koma Kano a ce Sabitu ashe dangin maroƙa ne. Ni na loda kaya. Na zare ɗan ƙarfen nan daga jakarsa, na jefa a aljihu.

Bayan an ci nama a gefen dam, Kawu ya kafa jitarsa, ya jona ta da batirin mota, ya cire takalma, ya sa farata. Ya buɗe jaka, wayam. Ya zazzage ta, ya duba mota, ni ma har da taya shi nema, kunya ba ta kashe ni ba. Ya gwada cokali, abin ya yi ƙara kamar ana kankare tukunya. Ya gwada batirin tocila. Daga ƙarshe wani ya miƙo kwalbar turare, ya fara, har an soma jin waƙar, sai kwalbar ta suɓuce saboda maiƙo, ta faɗa tiren shinkafa. Kuka fashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Shi ma ya yi dariya, ya mayar da takalmansa. Alhaji Garba kuwa cewa ya yi kash, da ya so ya ji ta har ƙarshe.

A hanyar dawowa yana gefena, da muka hango dogayen benaye sai ya juyo ya dube ni.

"Ka riƙa shafa wa ƙarfen nan mai," in ji shi. "Iskar teku na sa tsatsa."

Wallahi ji na yi kamar in buɗe ƙofar mota in dira. Mako uku ya ƙara a falat, kullum ina cewa gobe zan mayar masa in ba shi haƙuri, kullum na kasa haɗa ido da shi. Bai sake tambaya ba, bai sake zama gaban jitar ba. Ni na kai shi filin jirgi, ya dafa kaina ya sa min albarka. Bayan wata huɗu aka bugo daga Damagaram, wai ya rasu.

Kun ce a tuna Kawu a yi dariya, na yi muku. Amma ku sani ni na hana ku jin waƙar nan, kuma da daɗi take. Allah Ya jiƙan Kawu Isufu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alheri kan rufin asirin da ya yi min a gabanku. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah Ya sa ya riga ya yafe min kafin ya cika.