Ranar da Malam Ya Raba Barno da Toka

A firamarenmu ta Azare taswirar Najeriya guda ɗaya ce tak, tana rataye a ofishin hedimasta, ba mai kusantarta. Shi ya sa malaminmu na aji biyar, wani siririn mutum ɗan Disina, ya koma zana tasa a ƙasa.

Duk ranar Alhamis bayan tara, sai a karɓo masa toka wurin mata masu ƙosai. Mu share gindin bishiyoyin maina, wato darbejiya, ya ɗauki gwangwani yana tafe yana zubawa, har ƙasar ta fito jiha-jiha. Kogunan Neja da Binuwai da ruwan buta yake zana su, kafin a tashi sun ƙafe. Mu kuma mu ja layi biyu a gefe. In ya ce "Makurɗi!" sai na gaba su sheƙa, wanda ya riga dira a kan jihar shi ya ci. Wanda ya zarce Legas kuwa ya faɗa teku, sai ya koma gefe ya zauna muna masa ihu. Legas ɗin ma ƙafa ɗaya take ɗauka, sai ka tsaya kamar zalɓe.

Ina da aboki da muke zama benci ɗaya. Iyayensa mutanen Gashuwa ne, babansa na sayar da kanwa a kasuwa. Bai iya gudu ba, amma Barno tasa ce. In aka kira Maiduguri, ko ba shi ne a gaba ba sai ya dira, ya buɗe ƙafafu ya ce, "Ku dubi girmanta!" Mu 'yan Bauci haushi muke ji, don da gaske ta fi tamu faɗi.

Wani hutun damina ina Katagum wurin kakata, aka faɗa a rediyo an ƙara jihohi. Ban damu ba, hankalina na kan gasasshiyar masara.

Alhamis ta farko da komawarmu, Malam ya zana taswira yadda ya saba. Sai ya tsaya a kan Kano ya ja wani sabon layi, ya ce wannan Jigawa ce. Daga nan ya taka zuwa Barno ya raba ta biyu.

"Malam, ka yi kuskure," in ji abokina.

"Ba ni na yi ba, daga sama aka yi. Ina Gashuwa take?"

Abokina ya nuna ɓangaren yamma.

"To daga yau kai ɗan Yobe ne. Hedikwatarku Damaturu."

Muka kwashe da dariya, ni ma har da tafi. Kafin mu ankara abokina ya shiga taswirar ya sa ƙafa ya goge layin. Ba wanda ya taɓa taɓa tokar Malam da gangan, duk mun sa ran bulala.

Malam ya tsuguna a gabansa ya ce, "Kakarka ta tashi daga gidanta?"

Ya girgiza kai.

"Kogin garinku fa, an ɗauke shi?"

"A'a, Malam."

Sai ya miƙa masa gwangwanin. "To karɓi, kai za ka zana. Ka fi ni sanin wurin."

Yana hawaye yana zuba tokar. Layin ya fito a karkace, ya ci wa Barno ƙasa mai yawa, Malam bai gyara ba. Ranar sau uku ya kira Damaturu. A na uku ni da abokina ne a gaba, da gangan na rage gudu. Da muka taso ya ce ya gane, kuma kada in sake.

Muna gama firamare shi da iyayensa suka koma gida. Bayan na girma sau biyu na bi ta Gashuwa a mota, ina ta duba fuskokin mutane a tasha, ban gan shi ba.