Lambar da Norris Ya Maƙala a Dama

Norris Tindale tun tasowarsa bai cika gane abin da duniya ke nufi da shi ba. Ɗan mahaƙin kwal ne a wani ƙauyen Durham da ke Ingila, ya bi ubansa rami tun gemu bai fito masa ba. Da yaƙi ya ɓarke aka ba shi kaki da bindiga, aka tura shi Italiya, shi da ko Landan bai taɓa takawa ba.

A bakin wani kogi aka yi musu ruwan wuta. Wai Norris ya kutsa cikin hayaƙi, ya dinga saɓo masu rauni yana kai su bayan tudu. Haka aka ce. Shi kuwa, wallahi, abin da yake tunawa bai wuce takalminsa ɗaya da ya maƙale a taɓo ba, sai ƙarar da ta toshe masa kunne. Ranar da wani babban hafsa ya maƙala masa lambar jarumta, sai da ya waiwaya ya ga ko da wani ake a bayansa.

Ya dawo gida, ya koma rami, ya auri Enid, suka haifi 'ya ɗaya tilo, Glenda. Lambar ta zauna cikin gwangwanin shayi, sai shekara-shekara ake fito da ita. In an matsa masa a mashaya ya ba da labari, sai ya ce, "Oho, ku tambayi waɗanda suka gani," ya juya hira kan tantabarun da yake kiwo.

Bayan rasuwar Enid, kan Norris ya fara kwancewa. Yau buta a cikin firji, gobe ya kira Glenda da sunan uwarta. Likita ya ce gidan tsofaffi ya fi masa. Norris ya ji, hankalinsa ya tashi, don a can ba a yarda da tantabaru. Glenda ta rasa yadda za ta yi. Ta haɗa masa kaya a jaka ta ɓoye a bayan mota, ta ce a ranta bari ta ga yadda zai yi ranar tunawa da mazan jiya. In ya rikice, daga can sai gidan tsofaffi.

Ko yaro ya san ƙa'idar ranar: lambarka a ƙirjin hagu, ta mamacinka a dama. Ranar, a filin taro, Norris ya fito daga mota tsaf, an goge takalmi, da jan furen takarda a kwat. Sai ga lamba a dama! Glenda ta matso kusa da shi.

"Baba, hagu fa. Taka ce."

Tsohon abokinsa Cyril Pybus ya dogaro sanda ya iso, ya ƙare masa kallo. "Kai Norris, yaushe ka mutu ba a gaya mana ba? Ai da mun zo cin wainar makoki."

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji Norris. Ya duba ƙirjinsa, ya duba 'yarsa, shi ma kamar bai san yadda aka yi ba. Can ya ce, "Yaron da ya ɗauko mutanen nan, Glenda, ni ban san shi ba. Ya shiga hayaƙi, ban ga fitowarsa ba. Na daɗe ina sa lambarsa a hagu don kada mutane su yi surutu. Na gaji. Ajiya ce kawai."

Aka busa ƙaho, kowa ya yi tsit don tunawa da waɗanda suka mutu. Glenda ta tsaya tana kallonsa, tausayi ya cika ta. Ta kasa gane ko ruɗewa ce ta kai maƙura, ko kuwa yau ne ubanta ya fara faɗin magana daidai. Lambar ta karkace, ta sa hannu ta gyara masa ita a inda take.

A mota, da suka iso mararrabar gida da gidan tsofaffi, ta daɗe ba ta motsa ba har na baya ya yi mata oda. Sai ta karya kan motar ta nufi gida.

"Enid," ya ce, "kin ba tantabarun ruwa kuwa?"

"Na ba su," in ji Glenda.