Kashi Biyun Malam Bawa

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Suleja cikin shekarun casa'in ya san fararen tsummokaran Malam Bawa. Ka fito da safe ka ga ɗaya na lilo a jikin falwaya, ɗaya a bakin tasha, wani a katangar mutane, baƙo ya ɗauka tsafi ne. Ina! Awon hayaƙi ne. Tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa maki. Sai ya ji a rediyo wai hayaƙi ne ke ƙara wa duniya zafi, kuma masana na raba laifin kashi-kashi: ga na motoci, ga na masana'antu, ga na noma. Shi ke nan, Malam ya ce shi ma sai ya raba na unguwarmu. In tsumma ya kwana bakwai sai ya sauke, ya jera su a tabarma, wanda ya fi baƙi shi ya fi kaso. Kun dai tuna maganarsa: "Komai kashi ɗari ne, kowa ya ɗauki nasa."

Ni Ɗanjuma mai gidan burodi, ni na fi kowa shan wuyarsa. Malam bai taɓa sayen yadi ba, buhunan fulawata yake zuwa ya karɓa ya yayyanka, sannan ya rataye mafi girma a gaban tanderuna.

Na ce, "Haba Malam, da buhuna za ka auna laifina?"

Ya ce, "Kai ke da hayaƙin, kai ke da buhun. Ni ilimi kawai na kawo."

Wata ranar kasuwar Izom ya ce in raka shi. Ya goya ni a tsohon babur ɗinsa, wanda in ya wuce sai ka rantse an cinna wa ɗanyar ciyawa wuta. Ashe ya ji cewa gyatsar shanu ma tana cikin lissafi. Muka tsaya gaban wani dattijon Bafulatani, Malam ya buɗe littafi ya lashi bakin fensir.

"Sau nawa bijimin nan ke gyatsa a yini?"

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baban naka lafiyarsa ƙalau?"

"Lafiya lau nake, bincike ne."

"To ka saye shi, ka je gida ka ƙirga a tsanake."

Ni dariya har da hawaye. Malam kuwa ko gezau, inuwa ya samu ya zauna yana kallon bakin bijimin har la'asar.

Ranar da na ga ransa ya ɓaci sosai ita ce ranar da matarsa, Goggo Asabe, ta tarar da tsummokaran mako guda a tabarma, ta haɗa da kayan wanki ta wanke su fes. Har daga shagona na jiyo salatinsa.

"Asabe! Kin wanke laifin unguwa guda da sabulu!"

Ta ce, "Shekara talatin ina wanke naka, ban ji ka kai ƙara ba."

Duk wannan wasa ne a wurina, sai da abin ya zo kan abincina. Lokacin ma'aikatan Abuja sun cika gidajen haya, kowa da farar shadda. Suka kai ƙarata wurin mai unguwa, wai hayaƙin tanderuna na ɓata musu kaya a igiya, a tashe ni. Tanderun nan gadon mahaifina ne, mutum bakwai ke ci a ƙarƙashinsa. Mai unguwa ya rasa yadda zai yi, ya ce a kira Malam Bawa da littafinsa. Wallahi na san tawa ta ƙare, don tsummana ba ya dawowa da fari.

Ana gobe zama na ɗauki burodi mai zafi guda biyu na kai masa. Ya yi bisimilla, ya cinye ɗaya da shayi, ya miƙa wa Goggo ɗayan, sannan ya goge baki.

"Ɗanjuma, burodin ya yi daɗi. Amma kashi sha takwas ɗinka na nan."

Na fito ina cewa a raina, asarar fulawa!

Washegari a ƙofar gidan mai unguwa ya shimfiɗa tsummokaransa, ya gyara tabarau, ya fara da ni. "Gidan burodi, kashi goma sha takwas." Masu farar shadda suka gyaɗa kai. "Ƙunar daji da shanu, sha biyar. Murhun gidaje, ashirin da biyar." Sai ya ɗago wani tsumma baƙi ƙirin da yatsa biyu. "Wannan na bakin tasha ne. Motocin da ke kwasarku zuwa Abuja da safe su dawo da ku da yamma, kashi arba'in. In tashi za a yi, a fara daga babba."

Sai wani daga cikin masu farar shadda, da alama shi ma ya san lissafi, ya ce, "Baba, ai casa'in da takwas ke nan. Ina sauran biyun?"

Malam ya nuna babur ɗinsa a gindin mangwaro. "Nawa ne. Kun zaci zan ƙirga na kowa in tsallake kaina?"

Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya yanke cewa in ƙara wa bututun hayaƙina tsawo, magana ta mutu. Aka watse, kowa ya ci gaba da zuba nasa kamar yadda ya saba. Mutum ɗaya ne kawai ya ɗauki lissafin da gaske. Daga ranar Malam bai sake tayar da babur ɗin nan ba, ko can unguwar Iku za shi a ƙafa yake zuwa. Amma bai goge kashi biyun daga littafi ba, wai bai amince da zuciyarsa ba tukuna.

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya da hantsi. Ya rame, murya ta yi ƙasa, amma littafin na gefen filo. Ya tura min shi.

"Ɗanjuma, in na tafi lissafi zai koma casa'in da takwas. Ka raba musu biyun nan, kada ka bar shi da giɓi."

Na ce to. Littafin na nan a akwatina, kuma ban cika alkawari ba. Sau da yawa na ɗauki fensir, sai in rasa wanda ya cancanci gurbin. Wallahi ina kewar dattijon nan.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda bai tauye kowa a awonsa ba, ya Allah Ka cika masa nasa mizanin da rahama. Amin.